'Yan Wasan Ramin Macizai na New Brighton

A shekarar 1963 wasu mazauna New Brighton, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ware wa baƙaƙen fata a gefen birnin Port Elizabeth na Afirka ta Kudu, suka je gidan wani Bature marubucin wasan kwaikwayo mai suna Athol Fugard, suka roƙe shi ya taimaka musu su kafa ƙungiyar wasa tasu ta kansu. A cikinsu akwai malaman makaranta, da akawu, da ma'aikatan masana'anta, da mata masu aikatau, kuma kowannensu sai ya tashi daga aikin da yake ci da shi tukuna, da yamma liƙis, sannan ya samu sukunin zuwa gwajin wasa. Norman Ntshinga na cikin waɗanda suka ja gaba, tare da matarsa Mabel Magada, wadda mawaƙiya ce, da Welcome Duru, da wasu 'yan kaɗan. Daga wannan ziyara aka samu ƙungiyar da ake kira Serpent Players, wadda ba ta taɓa mallakar gidan wasa nata ba, amma daga cikinta wasanni biyu suka fito waɗanda har yau ake nunawa a ƙasashe da dama, wato Sizwe Banzi Is Dead da The Island.

Da yawa daga cikin waɗanda suka karanci adabin Turanci a Najeriya sun ci karo da na farkon a aji, kuma galibinmu mun fito da sunan mutum ɗaya a kai, sunan Fugard, tamkar dai shi ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa ya rubuta wasan daga farko har ƙarshe. Wannan abu ya daɗe yana damuna. Fugard ya cancanci duk yabon da aka yi masa, domin ya sha wuya a kan wannan aiki kuma gwani ne na gaske, sai dai wasannin nan biyu ba a kan teburin marubuci aka haife su ba. Sun fito ne daga wata 'yar ƙungiya da ta yi kusan shekara goma tana haɗuwa da daddare, tana gwada abin da ba a taɓa gwadawa ba, ana kama 'yanta ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage suna ci gaba. Wanda bai san waɗannan shekaru ba zai iya jin daɗin wasan, amma ba zai gane yadda aka yi ma'aikatan masana'antar mota biyu suka iya tsayawa a dandamali ba tare da rubutaccen shafi ko ɗaya ba, su riƙe hankalin 'yan kallo har na tsawon awa biyu.

Port Elizabeth, wanda tun 2021 ake kira Gqeberha, gari ne na tashar jiragen ruwa da masana'antun haɗa motoci, inda kamfanonin Ford da General Motors suka kafa sansani tun shekarun 1920. Yankin kuma cibiya ce ta jam'iyyar ANC mai yaƙi da wariyar launin fata, saboda haka bayan kisan masu zanga-zanga a Sharpeville a 1960 da haramta jam'iyyar, idon 'yan sandan ciki bai taɓa sauka daga kan New Brighton ba. A irin wannan gari, baƙaƙen fata goma su riƙa taruwa da Bature ɗaya a ɗaki ɗaya da dare, ko da karatun wasan barkwanci suke yi, abin tuhuma ne. Wurin da aka fara ba su don su yi wasa wani tsohon rami ne da ake ajiye macizai a gidan tarihin garin, wanda aka daina amfani da shi, kuma daga nan suka ɗauki sunansu. Bayan wannan sai suka riƙa yawo da kayansu, yau a ajin makaranta, gobe a ɗakin taron coci, jibi a garejin wani.

Shekarun farko sun tafi ne a kan wasannin Turai. Sun fara da wani wasan barkwanci na Machiavelli, ɗan Italiya, suka ɗauke shi daga inda yake suka dasa shi a unguwa irin tasu. Daga nan suka yi na Büchner da na Brecht, Jamusawa, sannan a 1965 suka ɗauko Antigone, tsohon wasan Girkawa na Sophocles, labarin yarinyar da sarki ya hana a binne gawar ɗan'uwanta, ta ƙi bin umarnin, ta binne shi, aka yanke mata hukuncin kisa. Akwai masu ganin wannan zango a matsayin ɓata lokaci, suna cewa me ya haɗa mutanen New Brighton da Bajamushe ko Bagirke. Ban yarda da su ba. A nan ne 'yan ƙungiyar suka koyi yadda ake gina wasa, da yadda ake tsayawa a gaban mutane ba tare da ado ko labule ba, kuma a nan ne suka gano cewa hukuma ba ta cika damuwa da sunan marubucin da ya mutu tun ƙarnoni ba, alhali mai kallo a New Brighton ba ya bukatar a gaya masa wane ne sarkin da ya fifita dokarsa a kan gaskiya.

Sai dai abin da hukuma ba ta gano a cikin wasa ba, ta same shi a wajen wasa. A ƙarshen 1964, ana saura kwanaki kaɗan a fara nuna wasan Brecht, aka kama Welcome Duru wanda zai ɗauki babban matsayi a ciki, dole Fugard ya shiga gurbinsa. A shekarar da ta biyo baya kamen ya ci gaba, ya haɗa da Norman Ntshinga da wasu, bisa zargin alaƙa da haramtacciyar jam'iyya, aka tura su kurkukun tsibirin Robben. A cikin wannan hali ne wani matashi ma'aikacin Ford mai suna John Kani ya shigo ƙungiyar, ya karɓi matsayin Haemon, ɗan sarki, a Antigone. A shekarar 1965 ɗin ce kuma gwamnati ta fitar da sanarwar da ta hana baƙi da fari su zauna tare a gidan kallo, ko su yi wasa tare a dandamali ɗaya, sai da izini na musamman. Shi kansa Fugard ba ya iya shiga New Brighton sai da takarda, kuma sau da yawa akan hana shi, har ya zama ana nuna wasan da ya ba da umarninsa a unguwar alhali shi yana gida.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin a ganina a 1966 ne ƙungiyar ta zama abin da ta zama. Hukuma ta saba kai shari'ar irin waɗannan mutane ƙananan garuruwa masu nisa, inda 'yan jarida da dangi ba sa iya zuwa cikin sauƙi. Shari'ar Ntshinga a garin Cradock aka yi ta, kuma Fugard ya je ba da shaida don neman sassauci, tare da Mabel Magada. A wannan kotu aka yanke wa wani dattijo ɗan New Brighton hukuncin ɗauri, shi kuwa da ya ga Mabel ya gane 'yar unguwarsu ce, sai ya tuɓe tsohuwar kwat ɗin da ke jikinsa, ita kaɗai ce abin da ya mallaka a wurin, ya miƙa mata ya ce ta kai wa matarsa, ta gaya mata ta yi amfani da ita. Mabel ta dawo gida ba miji, ɗauke da rigar mijin wata.

Da wannan kwat suka yi wasansu na farko da ba su aro daga kowa ba, suka kira shi The Coat. Tsarinsa shi ne abin mamaki. 'Yan wasa biyar suna zaune a kan kujeru a gaban 'yan kallo, ba su ɓoye cewa su 'yan wasa ne ba, ɗaya daga cikinsu yana jan ragamar zaman yana jefa tambaya, sauran suna tashi su gwada amsarta a aikace. Yaya matar ta yi sa'ad da aka miƙa mata rigar? Sai wata ta tashi ta zama matar, Mabel ta sake miƙa rigar kamar yadda ta miƙa ta a gaske. In ɗan dattijon ya zo aron rigar don ya je neman aiki da ita, uwar za ta ba shi? Sai a gwada. In kuɗin haya ya taru, ofis ya ce ko ta biya ko a fitar da ita da 'ya'yanta, za ta sayar da rigar ko za ta riƙe ta har mai ita ya dawo, in ma zai dawo? A nan sai gardama ta kaure tsakaninsu a gaban jama'a, wannan ya ce ba macen da za ta sayar, waccan ta ce kai ba ka san yunwa ba. Abin da suke nema shi ne gaskiyar abin da mace irin wannan za ta yi, kuma duk wanda ya kawo kuka na burga ko jarumtaka ta ƙarya, sai sauran su dakatar da shi su ce ba haka ake yi a unguwarmu ba. Don kada sunayensu na gaskiya su shiga kunnen 'yan sanda, sai kowa ya amsa sunan wani matsayi da ya taɓa fitowa a ciki a wasannin baya, shi ya sa Kani ya fito da sunan Haemon.

A watan Nuwamba na 1966 suka fara nuna shi, kuma a gaban Turawa zalla, 'yan wata ƙungiyar masu sha'awar wasan kwaikwayo da suka nemi su ga abin da baƙaƙen nan suke yi. An ba da izini bisa sharaɗin cewa 'yan wasan ba za su shiga makewayin ginin ba, kuma da an tashi za su koma unguwarsu. Duk sa'ad da na tuna da wannan sharaɗi sai raina ya ɓaci, amma kuma sai girman mutanen nan ya ƙaru a idona, domin da sun ga dama da sun kai wa masu gayyatar wasan barkwanci an yi dariya an watse. Suka zaɓi su ajiye rigar fursuna a gabansu, su sa su zauna su saurari lissafin kuɗin haya da na abinci na gidan da aka ɗauke wa mai gida.

Wasa ba tare da rubutu ba ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin 'yan wasan Hausa na rediyo da talabijin sun daɗe suna shiga da ƙashin labari kawai, kowa ya sa masa tsoka da bakinsa. Bambancin da nake gani shi ne irin tsananin da 'yan New Brighton suka sa wa kansu. Ba sa barin magana ta wuce don kawai ta ba da dariya ko ta yi daɗin ji. Sukan maimaita fitowa ɗaya dare bayan dare, suna zubar da abin da bai tsaya ba, har sai abin da ya rage ya zama ba a iya cire masa ko kalma. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa ga mutanen da aka tara jiya don wasa ɗaya a sallame su gobe. Yana bukatar waɗanda suka san juna kamar yadda 'yan amshin da suka daɗe da makaɗi suke gane inda zai karya waƙa tun kafin ya karya, kuma yana bukatar amana, domin a ƙasar da maƙwabci kan sayar da maƙwabcinsa ga 'yan sanda, wanda zai buɗe cikinsa a ɗakin gwaji ya faɗi abin da ya gani a wurin aiki ko a caji ofis, lalle ya tabbata da waɗanda ke zaune tare da shi.

A 1967 gwamnati ta ƙwace fasfon Fugard, ba ta mayar masa ba sai 1971, kuma wannan zaman dole da ya yi a gida ya amfani ƙungiyar. A wannan shekara ta 1967 Kani ya kawo abokinsa tun na makaranta, Winston Ntshona, wanda shi ma a Ford yake aiki. Suka ci gaba da ƙirƙiro gajerun wasanni daga rayuwar unguwa, kamar The Last Bus da Friday's Bread on Monday, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna maka gidan da sai burodin da ya kwana uku ake iya saye. Fugard kuma ya karanci ra'ayin Jerzy Grotowski, mutumin Folan da ke cewa wasan kwaikwayo zai iya rabuwa da ado da kiɗa da fitilu da duk wani tarkace, muddin akwai ɗan wasa da mai kallo. Abin da Grotowski ya zaɓa da gangan, talauci ya riga ya zaɓa wa 'yan New Brighton tun tuni, illa dai karatun ya ƙara musu ƙarfin gwiwa cewa rashin kaya ba naƙasu ba ne.

A 1972 Kani da Ntshona suka ajiye aikin albashi suka ce wasa zai zama sana'arsu. Doka ba ta san baƙin mutum da sana'ar wasan kwaikwayo ba, kuma wanda littafin fas ɗinsa bai nuna yana yi wa wani aiki ba, ana iya korarsa daga gari. Mafitar da aka samu ita ce a rubuta su a matsayin barorin gidan Fugard. Da wannan rajista a aljihu suka shiga ɗakin gwaji don su yi wasa a kan littafin fas ɗin kansa.

Shi wannan littafi, wanda ba a soke dokarsa ba sai 1986, dole ne duk baƙin da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da shi, a ciki akwai hotonsa da lambarsa da tambarin da ke nuna inda aka yarda ya zauna da inda aka yarda ya nemi aiki. Tushen wasan wani hoto ne da aka gani irin na shagunan ɗaukar hoto na unguwa: mutum ya ci ado da sabuwar kwat, lofe a hannu ɗaya, taba sigari a ɗayan, yana murmushi har kunne. Suka tambayi kansu, me zai sa baƙin mutum a wannan ƙasa ya yi irin wannan murmushi? Amsar da suka cimma ita ce, fas ɗinsa ne ya daidaita. Daga nan labarin ya warware: Sizwe Banzi ya baro matarsa da 'ya'yansa a King William's Town ya zo neman aiki, an buga masa tambarin ya bar gari cikin kwana uku, shi kuwa ko karanta tambarin bai iya ba. Da dare shi da mai masaukinsa Buntu suna dawowa daga mashaya, sai suka ci karo da gawar wani mutum a lungu, a aljihunsa akwai fas mai izinin neman aiki. Buntu ya zauna a tebur, ya ɓamɓare hotunan biyu a hankali, ya shafa gam, ya liƙa na Sizwe a littafin mamaci, na mamaci a littafin Sizwe. Sannan ya shiga koya masa haddar sabuwar lambarsa, yana zame masa mai biyan albashi, yana zame masa mai kanti, yana zame masa limamin coci, yana zame masa ɗan sanda, a kowane karo yana tambayarsa suna da lamba, har bakinsa ya saba da sunan da ba nasa ba.

Farkon wasan kuwa na Kani ne ɗungurungum. Yana fitowa a matsayin Styles mai hoto, riƙe da jaridar ranar, yana karanta kanun labarai yana sharhi, daga nan ya gangara cikin labarin ranar da babban mai kamfanin Ford ya zo daga Amurka duba masana'anta, yadda aka wanke ƙasa, aka yi fenti, aka raba sababbin kayan aiki, aka umarci ma'aikata su yi ta murmushi, mai gidan ya leƙo na ɗan lokaci ya juya. Wannan ba marubuci ne ya ƙaga shi ba, shekarun da Kani ya yi a cikin masana'antar ne suke magana, kuma tsawon wannan sashe yakan canja daga dare zuwa dare gwargwadon abin da jarida ta kawo da yadda 'yan kallo suka karɓa. An fara nuna wasan ranar 8 ga Oktoba 1972 a The Space, wani ƙaramin gidan wasa da aka buɗe a Cape Town a wannan shekara, wanda ya ƙi raba 'yan kallo bisa launi. Amma nunin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka yi daga baya a wani ɗakin taron coci a New Brighton, kamar yadda Fugard ya ba da labari. Da aka zo wurin musayar hotuna, sai wani daga cikin jama'a ya ɗaga murya yana gargaɗin ɗan wasan kada ya yi, za a kama shi, wata murya kuma ta amsa cewa ya yi abinsa, ai ita har yanzu ba a kama ta ba. Wasa ya tsaya cak, ɗaki ya rikiɗe ya zama zauren muhawara a kan abin da kowa ke ɗauke da shi a aljihu.

The Island ya biyo baya a watan Yuli na 1973, kuma shi ne bashin da ƙungiyar ta biya 'yan'uwanta da aka ɗaure. Duk abin da suka sani game da tsibirin Robben daga bakin nasu suka ji shi, har da labarin cewa ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ya shirya Antigone a can cikin kurkuku, da mutum biyu kacal, daga abin da ya rage masa a ka. Nelson Mandela ma ya ba da labarin cewa ya taɓa fitowa a matsayin sarkin a wani nuni da fursunoni suka yi a tsibirin. An fara gwajin ne da bargo ɗaya da aka shimfiɗa a ƙasa, aka ce wa 'yan wasan biyu nan ne iyakar duniyarku, sannan aka riƙa ninke shi ana sake ninkewa har ya rage wurin tsayuwa kawai. Wasan da ya fito daga nan yana buɗewa da dogon lokaci ba magana: mutum biyu suna haƙar yashin da babu shi da shebur ɗin da babu shi, kowa ya cika baro ya tura ya juye a ramin ɗan'uwansa, su koma su sake, gumi na gaske yana zuba, numfashi na gaske yana fita, har mai kallo ya ƙosa ya fara jin nauyin abin a jikinsa. Kayan wasan kaɗan ne, irin su barguna da bokitin ruwa da kofin gwangwani, kuma da wannan kofi ne ɗayansu yake kwaikwayon buga waya zuwa New Brighton yana tambayar labarin abokai da iyali. Sun amsa sunayensu na gaskiya, John da Winston. Sa'ad da aka rage wa John hukunci ya rage masa wata uku, alhali Winston ɗaurin rai da rai yake yi saboda ƙona fas ɗinsa, sai zumuncin da ya riƙe su ya fara tsagewa, kuma a nan ne nake ganin amfanin shekarun da suka yi tare, domin hassadar da Winston yake nunawa da kunyar da John yake ji ba abin da baƙi biyu za su iya ƙullawa cikin mako uku ba ne.

Rashin rubutu ya zame musu garkuwa. Tun 1963 akwai hukumar da ke tace littattafai da wasanni, amma aikinta ya fi sauƙi in akwai takardar da za ta karanta ta sa wa jan alƙalami. Wasan da ke cikin kawunan mutum uku ba a iya ƙwace shi a bincike, shi ya sa ba a zauna an rubuta waɗannan biyun sosai ba sai da suka fita waje. An fara nuna na tsibirin ma da wani suna dabam, don kada sunan ya tona inda aka dosa. Daga 1973 suka kai wasannin gidan Royal Court a Landan, a ƙarshen 1974 suka isa New York, a 1975 kuma Kani da Ntshona suka karɓi Tony, babbar lambar yabo ta wasan dandamali a Amurka, ta gwarzon ɗan wasa, su biyun tare. Lambar ba ta kare su a gida ba. A watan Oktoba na 1976 hukumomin Transkei, yankin da gwamnatin Pretoria ke shirin ba wa 'yancin kai na jeka-na-yi-ka, suka tsare su bayan wani nuni saboda abin da suka faɗa a dandamali game da wannan 'yanci, ba a sake su ba sai da 'yan wasa a Landan da New York suka yi ta zanga-zanga.

Akwai ɓangaren labarin da ba shi da daɗi, kuma ba na jin ya kamata a tsallake shi. Nasarar mutum biyu ta raunana ƙungiyar da ta haife su. Da Kani da Ntshona da Fugard suka shiga yawon duniya, waɗanda aka bari a New Brighton suka ci gaba da tashi da asuba zuwa wurin aiki, ƙarfin ƙungiyar kuma bai sake komawa yadda yake ba. Littafin da aka buga a 1974 ya rubuta sunaye uku a matsayin waɗanda suka ƙirƙiro wasannin, wannan adalci ne, amma da tafiya ta yi tafiya sai bakin mutane ya gajarta su zuwa ɗaya, kuma ba sai an faɗa ba, na Baturen ne ya rage. Ba na ɗora wa Fugard laifin wannan, domin bai ɓoye rawar abokan aikinsa ba, amma tsarin da ya sa aka rubuta gwanayen 'yan wasa biyu a matsayin barorinsa bai tsaya a ofishin fas kaɗai ba. Ko sunaye ukun ma sun bar wasu a baya. Ba don Mabel Magada ta karɓi rigar dattijon nan ta kawo labarinta ɗakin gwaji ba, da wataƙila hanyar da ta kai ga sauran wasannin ba ta buɗe ba. Nomhle Nkonyeni, wadda ta fito a matsayin matar dattijon, ta ci gaba da wasa har tsufanta, ta rasu a 2019. Ntshona ya rasu a 2018, Fugard kuma a watan Maris na 2025.

Da ina da ta cewa a wurin malaman da ke koyar da labarin Sizwe a makarantunmu, da na roƙe su su haɗa wa ɗalibai da The Coat, wanda yana nan a cikin kundin wasannin unguwa na Fugard da aka buga a 1993. Gajere ne, mutum biyar yake bukata da kujeru da tsohuwar kwat ɗaya, kuma ana iya yin sa a kowane aji ba tare da an kashe ko kwabo ba. In ɗalibai sun gama da rigar dattijon Cradock, sai malami ya ce wani ya kawo wani abu daga gidansu ko unguwarsu wanda ke da labari a bayansa, a ajiye shi a tsakiya, a fara jefa tambayoyi, kuma a bar su su yi gardama har sai sun daidaita a kan abin da mutanen unguwar za su yi da gaske.